Huawei, Samsung ko Tecno: wace waya zan aika wa mahaifiyata daga Jidda zuwa Sudan?

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ya aiko da tambaya. Yana son sayen waya biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mahaifiyarsa wadda yaƙi ya taso daga yankin Sinnar, yanzu tana zaune wajen dangi a Gadarif. Ya ware wa tata kamar riyal 700. Ya ga wata Huawei a shagunan Titin Falasɗinu, kyamararta ta burge shi, amma a majalisarsu an raba masa hankali. Wasu sun ce Amurka za ta iya kashe kowace Huawei ranar da ta ga dama. Wasu sun ce ai wayar Sin ce ta fi, tunda ta Amurka leƙen asiri ake yi da ita. Wani kuma ya tuna masa na'urorin da suka fashe a hannun mutane a Labanan. Yana son sanin wanne ne gaskiya, kuma wacce zai saya.

Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kula da mahaifiya, ya kuma kawo wa Sudan zaman lafiya. Hukuncin a taƙaice: kada ka aika wa Hajiya sabuwar Huawei, kada kuma ka aika mata iPhone. Ka nemi Samsung ta jerin A, ko Redmi, ko Honor, ko Tecno ko Infinix, wadda aka shigo da ita domin kasuwar Saudiyya, mai ramin layi biyu da babban batir. Taka kuwa akwai sarari, za mu zo kanta. Ga dalili.

Maganar Huawei tana da asali, sai dai an ƙara mata gishiri. A watan Mayun 2019, zamanin mulkin Trump na farko, Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta sa Huawei cikin jerin kamfanonin da ba a sayar musu da fasahar Amurka sai da izini na musamman. Google kamfanin Amurka ne, dole ya bi. Tun daga lokacin duk sabuwar wayar da Huawei ya fitar ba ta zuwa da Play Store, ko Gmail, ko YouTube, ko taswirar Google. Wayoyin da aka riga aka tantance kafin ranar, irin su P30 da Mate 20, sun ci gaba da aiki da Google, babu wanda ya kashe su. Mate 30 ta watan Satumban 2019 ce babbar waya ta farko da ta fito babu Google, P40 ta 2020 ta bi sahu. Ka ga ke nan takunkumin a masana'anta yake cizo, kafin wayar ta shiga kwali. Wadda ke aljihun mutum tana nan tana kira tana amsawa.

Bugu na biyu ya fi ciwo. Daga 15 ga Satumban 2020 kamfanin TSMC na Taiwan ya daina ƙera wa Huawei ƙwaƙwalwar wayarsa mai suna Kirin, saboda injinan da ake ƙera ta da su akwai fasahar Amurka a ciki. Shi ya sa P50 ta 2021, duk tsadarta, ta fito da 4G kawai. Sai a Agustan 2023 Huawei ya dawo da ƙarfi da Mate 60 Pro, wadda kamfanin SMIC ya ƙera wa ƙwaƙwalwa a cikin ƙasar Sin. Wannan abin a yaba ne, kuma shi ne abin da mutanen majalisarku ke alfahari da shi. Amma bai dawo da Google ba.

To me rashin Google zai hana Hajiya? Mutane suna ɗauka YouTube ne kawai, alhali abin da ya fi muhimmanci ba a ganinsa da ido. A cikin wayar Android akwai wasu hidimomin Google da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa, manhajoji da yawa a kansu suka jingina. Su ne ke tashin waya su ce saƙo ya shigo ko da manhajar a rufe take. Su ne ke ba manhaja taswira. Su ne kuma bankuna da yawa ke tambaya ko wayar nan sahihiya ce ba a taɓa cikinta ba. Idan babu su, WhatsApp zai hau, ana sauke shi daga shafin kamfanin kai tsaye, amma ajiyar hirarraki a Google Drive ba za ta yi ba, saƙo yana iya makara har sai an buɗe manhajar, kuma sabunta shi ya zama aikin hannu. Ranar da tsohon zubin ya daina aiki, wa zai sauke mata sabo a Gadarif? Akwai dabaru irin su GBox da microG da masu shago ke sa wa mutum a ce "ga Google nan mun sa maka". Suna aiki wani lokaci, su ƙi wani lokaci, suna shan batir, kuma kana miƙa kalmar sirrin asusunka ta hannun wata manhaja da ba ta Google ba. Matashi mai son ƙwaƙule-ƙwaƙulen waya zai iya zama da haka. Dattijuwar da kuɗin cefanenta ke shigowa ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum ta aika kuɗi, bai kamata a ɗora mata wannan ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani tarko da ya fi wannan: Huawei da aka yi domin kasuwar cikin Sin. Daga ƙarshen 2024 kamfanin ya fara fitar da tsarin HarmonyOS NEXT, wanda ya rabu da Android gaba ɗaya, manhajar Android ba ta hawa kansa kai tsaye. Waɗanda ake sayarwa a hukumance a Saudiyya suna zuwa da EMUI, mai karɓar manhajojin Android. Idan wani ya tallata maka Huawei a intanet da araha yana cewa daga Sin aka kawo ta, ka bar masa kayarsa.

Abin da ke rikita mutane shi ne ɗaukar duk wayar Sin a matsayin Huawei. Honor a da reshen Huawei ne, amma an sayar da shi a Nuwamban 2020, kuma tun daga Honor 50 ta 2021 wayoyinsa na ƙasashen waje suna zuwa da Google cikakke. Xiaomi, mai Redmi da Poco, Amurka ta sa shi cikin wani jeri na daban a Janairun 2021, ya kai ƙara kotu, aka cire shi a watan Mayu na shekarar, bai taɓa rasa Google ba. Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, su ma da Google suke zuwa. Oppo da Vivo da Realme haka.

Masu cewa sayen wayar Sin ƙaurace wa Amurka ne, niyyarsu na iya zama mai kyau, amma lissafin bai fita ba. Buɗe Tecno ka gani: tsarin da ke tafiyar da ita Android ne na Google. Ƙwaƙwalwarta galibi ta MediaTek ce ta Taiwan, wadda aka zana a kan tsarin kamfanin Arm na Ingila. Injinan da ke buga mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalwa a duniya kamfanin ASML na Holan ne ke yin su. Ma'ajiyar waya kuwa kaso mafi yawa daga Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka take fitowa. Ita ma iPhone ɗin a Sin da Indiya ake harhaɗa ta. Babu wayar da ƙasa ɗaya ta haifa. Gwamnatin Saudiyya kanta ba ta zaɓi ɓangare a wannan faɗa ba: lokacin ziyarar Shugaba Xi Jinping a Riyad a Disamban 2022 an sa hannu kan yarjejeniya da Huawei, a 2023 kamfanin ya buɗe cibiyar ajiyar bayanai a Riyad, kuma a lokaci guda ƙasar tana hulɗa da manyan kamfanonin Amurka. Mallakar Huawei a nan ba laifi ba ne ko kaɗan.

Batun leƙen asiri kuma, tambarin da ke bayan waya ba ya kare kowa. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ta shiga iPhone ta shiga Android, har Amurka ta sa kamfanin cikin jerin takunkumi a Nuwamban 2021. Irin wannan makami mai tsada 'yan jarida da 'yan siyasa ake bi da shi. Abin da ke cin talaka daban ne: jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, manhajar da aka turo a zauren WhatsApp aka ce ta raba tallafi ce, da mai kira ya ce daga banki yake a karanto masa lambar da ta shigo, ko a danna masa lamba a Nafath, manhajar tabbatar da shaidar mutum ta gwamnatin Saudiyya. Nan kuɗin mutane ke tafiya. Abin da ya faru a Labanan ranakun 17 da 18 ga Satumban 2024 kuwa, na'urorin karɓar saƙo ne da rediyon oba-oba da aka dasa wa abin fashewa tun kafin su iso hannun masu su. Ba wayoyin kasuwa ba ne aka aika wa saƙo suka tashi. Batirin waya yana kumbura, yana iya kama wuta idan ya lalace ko ya sha zafi, amma wannan matsalar caja marar kyau ce da barin waya a rana.

Yanzu mu zo Sudan, domin a nan ne siyasa ta fi taɓa wayar Hajiya. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci a 1997, ta sassauta kan wayoyi da manhajojin sadarwa a Fabrairun 2015, ta ɗage babban takunkumin a Oktoban 2017, ta cire ƙasar daga jerin masu taimaka wa ta'addanci a Disamban 2020. Duk da haka kamfanoni da yawa ba su yi saurin buɗe ƙofa ba. Manhajojin kyauta na Play Store suna sauka a Sudan, amma duk abin da ke buƙatar biya da kati wahala ne, kuma asusun Apple ya fi na Google wuyar sha'ani a can. Wannan dalili ɗaya ne na barin iPhone. Na biyu ya fi girma, kuma mutane da yawa ba su lura da shi ba: iPhone 14 zuwa sama da aka yi domin Amurka ba su da ramin layi, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, kuma iPhone 17 da ake sayarwa a Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf ita ma haka take. Hajiya tana da layinta na roba, na Zain ko Sudani ko MTN, wanda asusun bankinta ke ɗaure da shi. Wayar da ba ta da inda za a zura shi ba ta da amfani gare ta.

Ramin layi biyu ma ba ado ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 sabis ya zama abin da ke zuwa ya tafi, kuma a Fabrairun 2024 kamfanonin nan uku duk sun ɗauke a mafi yawan ƙasar, har mutane suka koma biyan kuɗi su zauna kusa da na'urar Starlink mai kawo intanet daga tauraron ɗan'adam. Wanda ke da layin kamfani biyu, in ɗaya ya faɗi yana da madafa. A Yulin 2025 kuma hukumar sadarwar Sudan ta sanar da taƙaita kiran murya da na bidiyo a WhatsApp. Irin wannan a kan layukan sadarwar ƙasar ake toshe shi, babu wata waya, komai tsadarta, da aka ƙera ta da maganinsa. Ka koya mata saƙon murya, ka kuma sa mata wata manhajar kira ta biyu wadda kuka gwada da dangin da ke can kuka ga tana shiga.

Da riyal 700 za ka sami abin da ya isa. Ka nemi batir mai 5,000 mAh ko sama, ma'ajiya 128 GB, RAM aƙalla 4 GB, in da hali 6. Ka kula da rubutun kwali irin "8+8": rabin na biyu aro ne daga ma'ajiya, ba ya gudu kamar na ainihi, lambar farko ce taka. 5G ba ta da amfani a wannan tafiya, kada ka biya kuɗinta. Tsakanin kamfanonin, Samsung ya fi daɗewa yana aiko da gyaran tsaro, misali ya yi wa Galaxy A16 alkawarin shekara shida, sai dai yawanci babu kan caja a kwalinsa, sai ka saya daban. Tecno da Infinix sun fi cika kwali, kuma gilashinsu da ramin cajinsu sun fi sauƙin samu wajen masu gyara a kasuwannin Afirka, amma suna zuwa da tarkacen manhajoji masu talla da ke shan data, sai ka zauna ka goge ko ka kashe su. Idan ra'ayina kake so, ga dattijuwa mai riƙe waya shekara huɗu ko biyar, Samsung ɗin ya fi kwanciyar hankali. Idan kuma gidan da take akwai yara masu ɗauka suna yarwa, wadda gilashinta ke da araha ta fi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. A shagon, kafin ka biya, a buɗe kwalin a gabanka. Danna *#06#, lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali da ta fatura, wato rasit. Haɗa ta da intanet, shiga Play Store, taɓa hoton asusu, shiga saiti, gangara zuwa bayanin manhajar, ka duba wajen Play Protect: dole ya nuna cewa an tantance na'urar. Wannan gwaji shi ke tona asirin Redmi da aka yi domin Sin aka sauya mata tsari a bayan kanti aka ce ta duniya ce. Irinta tana da Play Store a fuska, amma manhajar banki tana iya ƙin buɗewa, sabuntawa kuma tana iya kulle ta. Ka karɓi fatura mai lambar haraji, ka tambaya ko garantin na wakilin kamfani ne a Saudiyya, wanda shekara biyu ne, ko na shago ne kawai. Garantin ba zai bi ta Gadarif ba, shi ya sa za ka riƙe wayar kwana uku ko huɗu kana aiki da ita, in akwai aibi ya fito tun tana Jidda. Idan Samsung ce, sa layinka na Saudiyya ka yi kira na minti biyar ko fiye, domin wasu suna zuwa da kullen yanki wanda sai an yi haka yake sakin layin wata ƙasa. Idan ta hannu ce ka saya, mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka kafin a goge ta, in ba haka ba za ta tsaya tana neman kalmar sirrinsa.

Aikin da ya fi saye muhimmanci shi ne shiryawa. Duk sabuntawar da wayar ke nema ka yi ta a kan wayfai ɗinka, domin tana iya cin gigabait biyu ko uku, wanda a can kuɗi ne mai yawa. Buɗe mata sabon asusun Google, kada ka sa naka, ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda biyu, ɗaya wajenka ɗaya wajen wanda ka amince da shi a gidan. Sauke WhatsApp da Bankak da manhajar Alƙur'ani mai aiki babu intanet, amma kada ka yi rajistar WhatsApp ko bankin da lambarka. Kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, kashe sabunta manhajoji ta data, ƙara girman rubutu, sa harshen da take karantawa. Kuma ka aika ta fes, babu bidiyon yaƙi, babu zaurukan siyasa, babu hotunan masu kaki na kowane ɓangare. Ana duba wayoyin mutane a shingayen hanya, kuma wanda zai ɗauke maka saƙon shi zai amsa tambaya a kan abin da ke ciki.

Wuta ma sai an yi mata tanadi. Fawabank mai 20,000 mAh yana cika irin wannan waya kamar sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba kamar yadda lissafin kwali ke nunawa, saboda wani kaso yana tafiya a zafi. Ƙarfinsa kamar Wh 74 ne, yana ƙarƙashin iyakar Wh 100 da jiragen sama ke yarda da ita, amma a jakar hannu kawai, ba a sa shi cikin kayan awo. Wanda zai bi jirgin ruwa zuwa Sawakin ya fi samun sauƙi. Ƙaramin faifan sola mai naɗewa na wat 20 zuwa 30 ya isa, kuma fawabank ake caji da shi da rana, a ajiye shi a inuwa, da dare a ɗura wa waya. Haɗa waya kai tsaye da faifai a tsakar rana yana dafa batir. Cajar Saudiyya mai ƙafa uku masu faɗi ce, soket ɗin Sudan galibi mai zagayen rami ne, don haka ka haɗa da adafta biyu da igiyar caji ta ajiya. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu ɗaya ne, cajar za ta ɗauka.

Taka wayar fa? Idan kyamarar Huawei ta shiga ranka, kuma kana iya zama da 'yan dabaru, babu mai hana ka. Absher da Tawakkalna, manhajojin hidimomin gwamnatin Saudiyya, suna cikin AppGallery, kantin manhajojin Huawei. Amma kafin ka biya, ka rubuta duk manhajar da rayuwarka ta rataya a kanta, bankinka, Nafath, Nusuk ta Hajji da Umra, manhajar wajen aikinka, ta aika kuɗi gida, in kana tuƙi ko kai saƙo har da tasu, ka nemi kowace ɗaya a AppGallery a kan wayar gwaji da ke shagon. Idan guda ɗaya mai muhimmanci ta ɓace, ka koma Honor, za ka sami kusan irin hannun da ka so tare da Google. Kada kuma ka jinkirta saye kana jiran rikicin harajin Trump ya lafa. Wancan haraji ne kan kayan da ke shiga Amurka. Farashin Jidda ya fi jin harajin kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020, da tsadar ma'ajiyar waya a kasuwar duniya, riyal kuwa a ɗaure yake da dala a kan 3.75.

Ranar da wayar ta isa hannun Hajiya akwai kuskure ɗaya da ke jefa mutane cikin wahala, ka gargaɗi wanda zai taya ta. Kada a goge tsohuwar waya, kada a sayar da ita, kada a fita daga WhatsApp ko Bankak a cikinta, sai sabuwar ta hau ta zauna. Dukansu suna turo lambar tabbatarwa ta gajeren saƙo zuwa layinta, gajeren saƙo kuwa ta eriyar kamfanin waya yake zuwa. Wayfai na Starlink yana ba da intanet, ba ya kawo wannan saƙo. Saboda haka a yi sauyin a wurin da sandunan sabis suka cika, da rana, wayoyin biyu suna da caji. A fara da WhatsApp, a kwashe hirarrakin daga tsohuwa zuwa sabuwa ta hanyar da ke cikin saitinsa, wadda ake ɗaukar hoton lambar QR, ba ta cin data. Sannan bankin. Idan ya hau, ka tura mata ɗan kuɗi kaɗan, ita ma ta tura wa wani a gidan, a ga shiga da fita duk suna aiki. Sai bayan mako guda a cire asusunta daga tsohuwar a goge ta.